Takarda ce ke cin shari'a: abin da na koya a hanyar doktora

Ga rubutaccen jawabin da wata ƴar uwarmu, malamar jami'a, ta gabatar a zaman matasa na ƙarshen mako a Maraɗi. Mun bar shi yadda ta faɗe shi, don waɗanda ba su samu zuwa ba.

Iyayenmu da ke zaune a gaba, ina gaishe ku da girmamawa. Ƙannena maza da mata, sannunku da haƙurin zafi.

An ce in zo in gaya muku yadda ake samun doktora a fannin dokar ƙasa da ƙasa. Tun a bakin ƙofa wani ƙanena ya tare ni ya ce: "Yaya, wannan karatun naku me ake ci da shi?" Tambayar ta yi, kuma da ita zan fara. Amsar tana cikin kogin Kwara, can wajen Gaya.

Akwai wani tsibiri da ake kira Lete. Tun farkon samun ƴancin kai Nijar da Dahome, wato Benin ta yanzu, suke ja-in-ja a kansa, har a ƙarshen 1963 abin ya kusa kai ƙasashen biyu ga faɗa. Shekaru kusan arba'in maganar tana kwance tana tashi. A 2002 suka kai ta Kotun Duniya da ke La Haye, kotu ta yanke hukunci ranar 12 ga Yulin 2005. Cikin tsibirai 25, Nijar ta samu 16, har da Lete, Benin ta samu 9.

To me ya ci shari'ar? Benin ta dogara ƙwarai da wata wasiƙa ta 27 ga Agustan 1954 wadda muƙaddashin gwamnan Nijar na lokacin Turawa ya sa wa hannu. Ɓangaren Nijar ya kawo wata wasiƙa ta 3 ga Yulin 1914 daga kwamandan Gaya, tare da takardun da ke nuna cewa hukumar Gaya ce ke tafiyar da sha'anin tsibirin shekara da shekaru. Alƙalai suka auna, suka ce iyaka tana bin hanyar jiragen ruwa inda kogin ya fi zurfi. Kun gani? Wasiƙar da wani Bature ya rubuta shekara 91 kafin hukuncin, ita ta taimaka wajen faɗin ko makiyayin Lete ɗan wace ƙasa ne.

Wani ne ya shiga ɗakin ajiyar tsofaffin takardu ya haɗiyi ƙura har ya ciro wasiƙar nan. Wani ne ya san yadda za a ɗaura ta da ƙa'idar da ƙasashen Afirka suka amince da ita a Alƙahira a 1964, cewa za a bar iyakoki yadda aka gaje su ranar samun ƴanci. Cikin masu tsaya wa Nijar akwai Farfesa Amadou Tankoano na Jami'ar Abdou Moumouni, akwai Maurice Kamto ɗan Kamaru, akwai Jean Salmon ɗan Beljiyam. Haka aka sake yi da Burkina Faso, hukuncin 16 ga Afrilun 2013, inda shari'ar ta rataya a kan wata dokar gwamnan Afirka ta Yamma ta 31 ga Agustan 1927 da gyaran da aka yi mata ranar 5 ga Oktoba na shekarar. To ƙanena, ga abin da ake ci da shi. Ƙasa ake ci, ko a rasa ta.

Yanzu mu dawo kan karatun kansa. A tsarin da jami'o'inmu ke bi, lisansi shekara 3 ne, masta shekara 2, doktora shekara 3 a kan takarda. Na ce a kan takarda, don ni shekara biyar da ƴan watanni na yi, kuma cikin waɗanda muka fara tare ba ni ce ta ƙarshe ba. A lisansi ana ba ka ilimi ka maido shi ranar jarrabawa. A masta ana koya maka yadda ake bincike. A doktora ba mai ba ka komai. Kai ne za ka kawo abin da babu shi a cikin littattafai, ka tsaya gaban manyan malamai ka kare shi. Shi ya sa wanda ya saba zama na ɗaya a aji yakan sha mamaki. Hadda ba ta aiki a nan.

Abu mafi wuya shi ne tambaya. Ranar da na fara zuwa wurin malamin da zai duba aikina, na kai masa take mai ƙyau: "Dokar ƙasa da ƙasa da ci gaban Afirka". Ya karanta, ya cire tabarau, ya ce: "Ɗiyata, wannan sai ki haɗa da jikokinki ku gama." Na koma na rage, na kawo "Matsalolin ƙasashen da ba su da teku". Ya ce wannan labari ne, ina tambayar? Wata takwas ina kai da kawo. Sai wata rana ina cikin bus daga Dosso zuwa Gaya, na ga kamiyoyi jere a bakin hanya, direbobi sun shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin mota suna dafa shayi. Na tambayi wani dattijo cikinsu kwanansa nawa a nan, ya ce tara, takarda guda yake jira. Nan tambayata ta faɗo mini: idan doka ta ce ƙasar da ba ta da teku tana da haƙƙin wucewa da kayanta, me ke saura na wannan haƙƙin ranar da maƙwabcinta ya rufe ƙofa?

Bari in ɗan buɗe muku ita, don ku ga yadda tambaya guda ke cin shekaru. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan dokar teku ta 1982, wadda Nijar ta shiga a 2013, a sashe na 125 ta ce ƙasashe irin namu suna da haƙƙin isa teku da ƴancin wucewa ta ƙasar maƙwabta. Wannan sakin layi na farko ke nan. Na biyu ya ce yadda za a yi wucewar sai ƙasashen sun zauna sun daidaita. Na uku ya ce ƙasar da ake ratsawa tana da ikon ɗaukar matakan kare muradunta na halal. An ba ka da hannun dama, an riƙe igiyar da na hagu. Aikina shi ne in bi yarjejeniyoyi, in bi hukunce-hukunce, in bi abin da ƙasashe ke yi a zahiri, in ga iyakar tsawon igiyar. Na je har na karanta shari'ar Fotugal da Indiya ta 1960 kan haƙƙin wucewa, na karanta yadda Bolibiya, wadda ta rasa gaɓar tekunta a yaƙi da Chile, ta kai ƙara a La Haye kuma ta faɗi a 2018. Ɗiyar Damagaram tana kwana da Bolibiya a ka, wallahi har a mafarki.

Lokacin da nake wannan aikin, ƙawayena na yi mini dariya, wai na zama ƴar duwan. Sai 2023 ta zo. Bayan 26 ga Yuli, CEDEAO ta saka takunkumi, aka rufe iyakoki, gadar Gaya da Malanbil ta tsaya, kaya suka maƙale a Kwatano. Kowa a nan ya san abin da buhun shinkafa ya koma, ya san neman magani a farmasi a rasa. Wayata ta dinga ƙara, ƴan jarida da ƴan kasuwa da tsofaffin abokan karatu, kowa yana tambaya: doka ta yarda da wannan? Ranar na gane cewa shekarun nan biyar ba a banza suka tafi ba. Na kuma gane wani abu mai ɗaci: mu da muka zurfafa a wannan fannin ba mu da yawa, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Da me ake aikin? Sashe na 38 na dokar Kotun Duniya ya jera inda ake samo hukunci: yarjejeniyoyi, al'adar da ƙasashe suka ɗauka a matsayin doka, manyan ƙa'idojin shari'a, sannan hukunce-hukuncen kotuna da rubuce-rubucen masana a matsayin mataimaka. Duk jimlar da ka rubuta a cikin tez ɗinka sai ta tsaya a kan ɗaya daga cikin waɗannan. "Kowa ya sani" ba hujja ba ce. "Na ji a rediyo" ba hujja ba ce. Mu da muka yi makarantar allo abin ba baƙo ba ne a gare mu: malami in ya kawo magana sai a ce a wane littafi, daga wa ya ji. To haka ne, sai dai a nan har lambar shafi ake so.

Sai harshe. Faransancinmu yana kai mu nesa, don shi da Ingilishi ne harsunan aikin Kotun Duniya. Amma mafi yawan abin da ake bugawa yau da Ingilishi ne. Ni sai da na kai shekara ta biyu na yarda da haka, na yi hasarar lokaci. Ku da ke Maraɗi, Katsina na nan kusa da ku, Ingilishi na shigowa kasuwarku kullum. Kada ku yi wasa da wannan damar. Wanda ya haɗa Faransanci da Ingilishi da Larabci, ga Hausa a baki, ya riƙe makullai huɗu.

Ba zan ɓoye muku wahalar ba. Akwai shekarar da kuɗin tallafin karatuna suka yi wata shida ba su zo ba, na koma koyar da ƴaƴan mutane da yamma don in biya haya. Akwai lokacin da na aika wa malamina babi biyu, wata bakwai shiru, ban san ko ya karanta ko bai karanta ba, ga kunya ta hana ni matsa masa. An sace mini kwamfuta a tasha da aikin wata huɗu a ciki, ban ajiye shi wani wuri ba. Tun daga ranar, duk abin da na rubuta sai na aika wa kaina shi ta imel kafin in kwanta. Ku riƙe wannan ko da kun manta sauran jawabin.

Ga kuma gida. Duk sallah in na je, gwaggona sai ta ja ni ɗaki ta ce: "Ke wannan lakkol taki ba ta da ƙarshe ne? Sa'o'inki na da ƴaƴa uku." Ba ƙiyayya ba ce, tsoro take ji mini. Na yi aure a shekara ta uku, na haihu a ta huɗu, na rubuta babi na ƙarshe da goyo a baya. Abin da ya cece ni shi ne tun kafin a ɗaura, na zaunar da maigidana na gaya masa abin da ke gabana, ya ce ya ji ya gani, kuma ya cika. Ƙannena mata, ku yi wannan maganar tun da wuri, a fili. Ƙannena maza, in Allah ya haɗa ku da mai irin wannan buri, ku san cewa ɗaukar yaro na awa biyu ma gudummawa ce ga ilimi.

Ranar karewa kuwa, za ka tsaya gaban alƙalan malamai, galibi huɗu ko biyar, waɗanda biyu daga cikinsu sun riga sun rubuta rahoto a kan aikinka kafin a yarda ka zo. Za a ba ka kamar minti ashirin ka faɗi abin da ka gano, sannan su yi awa biyu ko uku suna kwance maka shi zare-zare. Wani ya tambaye ni dalilin da ya sa na bar wani hukunci ban ambata ba. Na ce ban san shi ba. Ɗakin ya yi tsit, mahaifiyata da ba ta jin Faransanci ta dafe ƙirji. Bayan an gama, malamin nan ya ce da ni amsar da ta fi burge shi ke nan. Doktora tana koya maka faɗin "ban sani ba" ba tare da ka mutu ba.

Na san abin da wasunku ke raya wa a zuci, don a fada ana faɗinsa kullum: dokar ƙasa da ƙasa ta masu ƙarfi ce, me za a tsinta a ciki? Ba zan ce ƙarya kuke yi ba. A taron Balin na 1884 zuwa 1885 Turawa suka tsara yadda za su shiga kogin Kwara, ba a gayyaci ko mutum ɗaya daga bakinsa ba. Yarjejeniyoyin Faransa da Ingila na 1898 da 1904 da 1906 su suka ja layin da ya raba Maraɗi da Katsina, ya raba Damagaram da Daura, ya bar wa a nan ƙane a can. Da sunan doka aka yi wannan. A 1986 Nikaraguwa ta ci Amurka a Kotun Duniya, Amurka ta yi kunnen ƙashi. Ƙasashe biyar na da ikon hawa kujerar na-ƙi a Kwamitin Sulhu, Afirka ba ta da ko ɗaya. Duk gaskiya ne.

Amma ku saurari ɗaya gefen. Libiya da Chadi sun zubar da jini a kan zirin Awuzu. Kotu ta yanke a Fabrairun 1994, a watan Mayu sojojin Libiya suka fita. Najeriya, da duk girmanta, ta miƙa wa Kamaru Bakasi bayan hukuncin 2002. Ga kuma wadda ta fi kusa da mu: Hadijatou Mani, daga yankin Ƙonni a jihar Tawa, an sayar da ita tana ƴar shekara 12 a kan jikka 240, ta zama wahaya. Ranar 27 ga Oktoban 2008 kotun CEDEAO, a zamanta na Yamai, ta ce gwamnati ta gaza kare ta daga bauta, ta umarci a biya ta miliyan 10 na sefa. Mace guda, ba ta da soja ba ta da dukiya, ta tsaya da ƙasa a gaban alƙali ta yi nasara. Masu ƙarfi suna da wasu makaman in doka ta ƙi su. Mu marasa ƙarfi, in muka yar da ita, da me za mu saura?

Kuma ko fita daga ƙungiya za a yi, da doka ake fita. Nijar da Mali da Burkina sun sanar da barin CEDEAO ranar 28 ga Janairun 2024, CEDEAO ta ƙirga fitar daga 29 ga Janairun 2025, saboda sashe na 91 na yarjejeniyarta ya ce sai an ba da sanarwar shekara guda. Ƙawancen AES shi ma a kan yarjejeniya ya tsaya, wadda aka sa wa hannu ranar 16 ga Satumban 2023. Rigimar uraniyom da kamfanin Orano ta tafi gaban masu sasanta rigingimun zuba jari na cibiyar da ke Washinton. Ko kana goyon bayan waɗannan matakan ko ba ka yi, wani zai zauna ya rubuta hujjar Nijar. In babu namu, sai a ɗauko na waje a biya su da kuɗin waje, kuma in sun gama su tafi da sanin a cikin jakarsu.

Manyanmu sun riga sun nuna hanya. Taslim Elias na Najeriya ya yi doktora a Landan a 1949, ya shugabanci Kotun Duniya daga 1982 zuwa 1985. Mohammed Bedjaoui na Aljeriya, wanda ya yi rubutu mai zafi kan yadda dokar ta fifita ƙasashe masu arziki, shi ma ya shugabance ta daga 1994 zuwa 1997, kuma shi Nijar ta zaɓa ya zauna mata a matsayin alƙali a shari'ar Lete. Abdulqawi Yusuf na Somaliya ya riƙe kujerar daga 2018 zuwa 2021. Sun soki dokar, amma sai da suka san ta ciki da bai.

To wa ya kamata ya shiga? In don a kira ka Dokta ne a wurin biki, ka huta, akwai hanyoyin samun girma da suka fi wannan sauƙi. In don kuɗi ne, ɗan kasuwar da ke kawo kaya daga Lome ya fi ni samu nesa ba kusa ba. Ka shiga in akwai wata tambaya da ta hana ka barci. Kuma tambayoyin na nan zube a ƙofar gidanmu. Ruwan Kwara da ƙasashe tara ke rabawa ƙarƙashin hukumar da hedkwatarta ke Yamai: me Nijar ke bin na sama da ita, me na ƙasa ke bin ta in an gama madatsar Kandaji? Bututun mai daga Agadem zuwa gaɓar Benin: wace doka ke kare shi ranar da ƙasashen biyu suka ɓata? Ƴan gudun hijirar da suka shigo jihar Maraɗi daga Zamfara da Sakkwato da Katsina, ƴan bindiga suka koro su: wane matsayi doka ta ba su? Makiyayin da ke ƙetare iyaka uku da garkensa fa? Kowace ɗaya tez ce, kuma ku kun fi ɗalibin Paris sanin ƙasar da za a taka.

Wanda ke lisansi yanzu, a Yamai ko a Tawa ko wani wuri, ya fara da abu uku. Ya shiga shafin Kotun Duniya a intanet, hukunce-hukuncen kyauta ne, ya sauke na Benin da Nijar ya karanta shi daga farko har ƙarshe, ko da zai ɗauke shi wata guda. Ya dage da Ingilishi. In lokacin zaɓen malami ya yi, ya tambayi tsofaffin ɗalibansa a asirce: yana karanta abin da aka ba shi? Malami mai karantawa ya fi malami mai suna. Akwai kuma makarantar dokar ƙasa da ƙasa ta La Haye, wadda ke ba da darussan bazara tun 1923 kuma tana da tallafi ga ɗalibai. Ku nema, in an ƙi ku, ku sake nema.

Sai amana, da ita zan rufe. Kada ka saci rubutun wani, kada ka sa na'ura ta rubuta maka ka ɗora sunanka. Ranar da aka zaunar da kai gaban lauyoyin wata ƙasa, ba na'urar da za ta amsa maka. Sannan in ka samu ilimin, za a zo a ce ka faɗi abin da ake son ji. A 2023 wasu sun so in ce duk abin da aka yi mana haram ne a doka, wasu sun so in ce duk halal ne. Na gaya wa kowa abin da takardu suka ce, da inda hujjarmu ke da ƙarfi, da inda take da rauni. Ba wanda ya ji daɗi sosai. Amma lauyan da ya ɓoye wa ƙasarsa rauninta, a gaban alƙali za ta gano shi, lokacin da gyara ya wuce.

Ƙanena mai tambayar bakin ƙofa, ina fata ka samu amsa. In ka tashi, zo in ba ka lambar shari'ar Lete ka fara da ita yau da dare, in wuta ta bari.

Allah ya yi wa karatunku albarka, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.